Rawa a Gaban Kyamara: Tarihin Wata Sana'a a Kan Hanyar Jibiya

Duk wanda ya tashi daga birnin Katsina ya nufi yamma har ya isa Magamar Jibiya, sa'an nan ya karkata arewa ya ratsa shingen kwastan ya faɗa Ɗan Isa, daga can ya zarce Maraɗi, zai iske cewa ko da yake tuta ta sauya, kuɗi sun juya daga naira zuwa sefa, harshen takardun hukuma kuma ya koma Faransanci, kalangun da ake kaɗa wa 'yan mata a ƙetaren shingen shi ne dai wanda ya baro a bayansa, haka kuma takun da suke yi. Dalilin haka a bayyane yake ga mai bin tarihi. A wajen shekarar 1807, lokacin da Katsina ta shiga hannun Malam Ummarun Dallaje, zuriyar sarakunan Haɓe sun yi hijira zuwa arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa musu mazauni a Maraɗi a wajen 1819, suka tafi da tamburansu da makaɗansu da sarautunsu, har da sarautar Iya wadda take shugabantar 'yan bori. Da Ingila da Faransa suka raba ƙasar a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, aka bi aka kakkafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908, sai jama'a guda, mai kiɗa guda da rawa guda, ta wayi gari a ƙarƙashin hukumomi biyu masu tabi'a daban-daban.

Abin da muke nufin bibiya a wannan maƙala shi ne yadda rawar wannan jama'a ta fita daga dandali ta shiga kyamara, da wanda ya riƙa biyan kuɗin ɗaukarta a kowane zamani, da inda aka riƙa nuna ta, da kuma matsayin mutumin da yake tsara takun, wanda ake kira mai koyar da rawa. Muna ganin mas'alar ta cancanci nazari, domin a kowane mataki na wannan tarihi wanda ya ba da kuɗi shi ya zaɓi irin rawar da za a gani, alhali wanda ya ƙago takun shi ne galibi aka manta da sunansa.

Kafin zuwan kyamara, rawa a ƙasar Katsina da Maraɗi tana da ma'abota, tana da lokaci, tana kuma da muhalli. Mahauta suna da tasu, maharba da 'yan tauri suna da tasu, manoma suna da rawar da suke cilla fartanya sama su cafe, 'yan mata suna da gaɗa a farin wata, matan aure suna da kiɗan ƙwarya da amada a cikin gida inda namiji ba ya shiga, 'yan bori kuma suna da garaya da goge. Idan kaka ta yi aka kai amfanin gona gida, samari su shirya kalankuwa. Idan ranar kasuwa ta yi la'asar sakaliya, sai a buɗe fage a gefen kasuwa. A can za ka ga makaɗi ya rataya kalangu a hammata, ya ƙura wa ƙafar yarinya ido, idan ta ja da baya ya sassauta tsarkiya, idan ta matso ya matse ta har muryar kalangun ta yi sama ta kira sunanta da na mahaifinta. Jama'a sun yi da'ira, masu liƙi suna kutsowa suna manna kuɗi a goshi, zabiya tana bayarwa ana amshi. Babu wanda ya tsaya gefe yana ƙidaya taku. Ƙanwa tana koya daga yayarta, yaron makaɗi daga ubangidansa, kuma rawar tana iya tsawaita ko ta gajarta gwargwadon yadda fagen ya yi armashi.

Malamai kuwa tun da daɗewa suna da magana a kan wannan al'amari. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da almajiransa sun yi inkarin shagala da kaɗe-kaɗe na lahawu da cakuɗuwar maza da mata, sun kuma yi sassauci ga abin da yake da manufa ta shari'a, kamar tambarin yaƙi da shelar aure. Wannan muhawara tsakanin abin da yake mubahi da abin da yake makaruhi ko haramun ba ta taɓa yankewa ba, kuma za mu sake cin karo da ita a gaba, domin ta bi rawa har cikin kaset.

Farkon haɗuwar talakan wannan yanki da hoto mai motsi ta hannun hukuma ta zo. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, a ƙarƙashin William Sellers, wanda tun kafin nan ya yi aikin kiwon lafiya a Nijeriya yana amfani da fim wajen faɗakarwa. Daga nan majigi ya bazu a lardunan Arewa. Mota ce take zuwa da injin wuta da farin ƙyalle, a kafa a ƙofar fadar hakimi, sankira ya zaga gari da shela, bayan sallar isha'i jama'a su zauna a ƙasa, mai sharhi ya riƙe lasifika yana fassara abin da ake gani. Ana nuna tsabtar rijiya, da noman auduga da gyaɗa, da rangadin manya, daga baya kuma da tafiye-tafiyen Sardauna. Rawa takan fito a waɗannan finafinai, amma a matsayin ado ga tarbar baƙo ko hawan daba, na ɗan taƙaitaccen lokaci, an jera masu rawar sun fuskanci rumfar manya. A nan ne da'ira ta fara buɗewa ta zama sahu, domin kyamara tana tsaye a wuri guda, tana bukatar kowa ya juyo mata da fuska. Mai kallo a Jibiya yakan ga rawar wasu ƙasashe da bai taɓa takawa ba, wannan kuwa fa'ida ce babba, sai dai ba a gaya masa sunan makaɗi ko na mai rawa, sunan Razdan da na Sarki kaɗai ake ambata.

A ɗaya gefen iyakar al'amarin ya bi wata hanya dabam. Wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya zo Nijar a 1941 yana injiniyan hanyoyi, daga baya ya koma nazarin al'adu, ya ɗauki ƙaramar kyamara ya shiga ƙauyukan Zabarmawa da Sanwai. A ƙarshen shekarun 1940 ya yi gajeren fim a kan yadda ake koya wa mace rawar masu hawan iska, fim ɗin ya sami lambar yabo a garin Biarritz na Faransa a 1949. A 1971 kuma, a ƙauyen Simiri, ya ɗauki wani fim na kimanin minti goma da ya sa wa sunan wasu ganguna biyu, Turu da Bitti, wanda ya ɗauke shi a tashi ɗaya ba tare da ya tsayar da kyamara ba: ya shigo fage da ita a kafaɗa, ya ratsa ta gaban makaɗa, ya bi mai rawa taku da taku. Ko mene ne ra'ayin mutum game da aƙidar da take bayan wannan rawa, kuma mu Musulmi matsayinmu a kanta sananne ne, abin lura ta fuskar sana'a shi ne cewa a nan kyamara ce ta shiga da'ira ta bi mai rawa, maimakon a fasa da'irar dominta. Sai dai masu biyan kuɗin waɗannan finafinai cibiyoyin bincike ne na Faransa, masu kallonsu kuma galibi ɗalibai ne da masana a Faris. Duk da haka aikin ya bar zuriya, domin Umaru Ganda, wanda ya fara fitowa a fim ɗin Rouch, ya zama darakta da kansa, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1972. Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatocin ƙasashen biyu sun gaji matsayin mai ba da aiki, suka kuma ƙara masa wani abu da Turawa ba su damu da shi ba, wato gasa. A Nijar, a zamanin Seyni Kunce, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, aka riƙa shirya bikin matasa na ƙasa yana zagaya manyan garuruwa, kowace jiha tana kawo ƙungiyarta ta rawa da waƙa da wasan kwaikwayo, gidan talabijin na Tele Sahel yana ɗauka yana maimaitawa. A Nijeriya kuwa jihohi sun kafa hukumomin raya al'adu, ana haɗuwa a bikin al'adu na ƙasa, har aka kai ga gagarumin bikin FESTAC na Legas da Kaduna daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977. Gasa tana da alƙalai, alƙalai suna da agogo, saboda haka tilas a sami wanda zai ɗauki rawar da a dandali takan cinye rabin dare ya matse ta cikin 'yan mintoci, ya tsara yadda za a shigo, da inda za a rabu gida biyu, da lokacin da gwani zai fito tsakiya, da yadda za a fita. Wannan mutum shi ne mai tsara rawa na farko a ma'anar zamani, kuma sau da yawa malamin makaranta ne ko ma'aikacin hukumar al'adu, wanda ya zauna da tsofaffin makaɗa ya tsinto daga gare su.

Misali mafi shahara na wannan aiki shi ne rawar Ƙoroso ta Kano, wadda aka harhaɗa a shekarun 1970 daga takun Fulani da na Hausawa, da sarewa da ganguna da kacau-kacau a ƙafa, aka ƙara mata lanƙwasa jiki da ɗaukar juna irin na masu wasan motsa jiki. Yau yaro yana ganinta a talabijin yana ɗauka tun kaka da kakanni haka take, alhali ƙirƙira ce ta mutane sanannu a wani zamani sananne, waɗanda suka yi ijtihadi suka haɗa tsoho da sabo. Wannan ba aibi ba ne gare ta, hasali ma shaida ce ta gwanintarsu. Aibin yana ga rashin rubuta sunayensu a inda mai kallo zai gani. Talabijin ɗin Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, da tashoshin NTA da aka haɗe a 1977, da na jihohi da suka biyo baya, duk sun ɗauki irin waɗannan raye-raye sun cike gurbin shirye-shirye da su. Kuma da yake iska ba ta tsayawa a shingen kwastan, mutanen bakin iyaka sun daɗe suna jin rediyon juna, masu eriya mai tsawo kuma suna kallon talabijin ɗin juna.

Ana cikin haka wani kogi yana malalowa ta gefe. Tun daga 1937 da aka buɗe silimar Rex a Kano, gidajen silima suka yi ta ƙaruwa a biranen Arewa, kuma daga wajen ƙarshen shekarun 1950 Kwarori masu wannan kasuwanci suka fara shigo da finafinan Indiya. Bahaushe bai ji harshen ba, amma ya gane labarin auren dole da biyayya ga iyaye da kunya tsakanin saurayi da budurwa, ya kuma ga wani abu da bai saba gani ba: rawa da aka tsara domin kyamara tun daga tushe, inda waƙa guda take farawa a lambu ta ƙare a kan dutse, tufafi suna sauyawa tsakanin baiti da baiti. Shekara talatin da ɗoriya ana kallon wannan a Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram, har ya zauna a idon jama'a.

Da kyamarar bidiyo ta yi araha, ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, aka buɗe sabon babi. Finafinan farko sun jingina da kiɗan gargajiya, har da makaɗan Ƙoroso na hukumar tarihi da al'adu ta Kano. Amma da fiyano ta shigo situdiyo, mutum guda ya iya fitar da muryar kalangu da sarewa da ganga daga akwati guda, sai farashin kiɗa ya faɗi, waƙa ta yawaita. Fim ɗin Sangaya na 1999, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, ya nuna wa kowa cewa waƙa guda mai daɗi da rawa mai tsari tana iya sayar da kaset fiye da labarin da ke cikinsa. A wannan shekarar ce mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fitowa, a shekarar ce kuma Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa masana'antar suna Kannywood a mujallar Tauraruwa. Daga nan mai ba da aiki ya sauya: ɗan kasuwar kaset na Bata da Ƙofar Wambai ya maye gurbin hukuma, shi yake ba furodusa kuɗi ko ya sayi fim, kuma tambayarsa ta farko ita ce waƙa nawa ce a ciki. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, saboda haka aka riƙa ɗaukar waƙa tun kafin a gama rubuta labari, a yanko ta a sa a farkon wasu kaset a matsayin talla, idan ta karɓu a gina fim a kanta.

Ya kamata a dubi yadda ake wannan aiki da kyau, domin a cikinsa ne sana'ar mai koyar da rawa ta kai ga cikar siffarta. Mawaƙi da mawaƙiya sun riga sun rera a situdiyo, 'yan wasa motsa baki kaɗai za su yi. A fita lokeshan da sassafe, wani lambu ko bakin ruwa irin na Tiga, a ajiye rediyo mai ƙara a kan kujera. Mai koyar da rawa ya tsaya gaban sahu ya ba su baya, ya yi taku huɗu zuwa dama yana ƙidayawa da ƙarfi, ya juya kafaɗa, ya tafa, su kwaikwaya; a mayar da kaset baya, a sake, har sai ƙafafu sun daidaita. Sa'an nan darakta ya ce a ɗauka, a ɗauki baiti guda, a tsaya, kowa ya je ya sauya kaya, a koma gindin wata bishiya a ɗauki na biyu. Wanda ya kasa riƙe taku a mayar da shi sahun baya. Rawar da mai kallo zai gani cikin minti biyar ba a taɓa yin ta a jere daga farko zuwa ƙarshe ba, edita ne yake ɗinke ta a kwamfuta. Ga bambanci babba da fagen kalangu: a can makaɗi yana bin ƙafar mai rawa, a nan ƙafa ce take bin kiɗan da aka riga aka rufe a kaset. Wasu sun yi suna ta wannan fanni, kamar Ali Nuhu da Shu'aibu Lilisco da Adam A. Zango, amma sun yi sunan ne domin fuskarsu tana fitowa. Da yawa daga waɗanda suka tsara takun da yara suka riƙa kwaikwayo a gidajen biki an sallame su da kuɗin yini, an wuce wurin.

A wannan zamani ne hanyar Jibiya ta zama jijiyar wannan kasuwa. Katan-katan na kaset, daga baya na faifan sidi, sun riƙa tasowa daga Kano su biyo ta Katsina, a ɗora su a motocin da suke jigilar fasinja da kayan masarufi, su sauka Maraɗi, daga can a rarraba zuwa Tasawa da Damagaram da Tawa da Yamai. A Nijar har suna aka ba waɗannan finafinai, ana ce musu Dandalin Soyayya. Gidajen kallo na zana da kwano, masu janareta da benci, suka yawaita a garuruwan bakin iyaka, yaro ya biya da naira ko da sefa, duk ana karɓa. Aka kuma riƙa haɗa waƙoƙi zalla a faifai guda ba tare da labari ba, wanda a haƙiƙa tarin gajerun finafinan rawa ne, ko da yake ba wanda ya kira shi da wannan suna. 'Yan wasan Kano suka riƙa ƙetarawa suna yin gala a filayen wasa na Nijar, su maimaita a gaban jama'a takun da aka sani a kaset, matasan Maraɗi da Damagaram kuma suka kafa nasu ƙungiyoyin. An rufe wannan iyaka daga 1984 zuwa 1986, an sake rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka kuma rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Kowane rufi ya jawo wa fatake da direbobi da 'yan dako asara mai yawa, amma bai hana sabuwar rawa isa Maraɗi ba.

Tsohuwar muhawarar malamai ta taso da ƙarfi a daidai wannan lokaci. Bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim a Disambar 2000, ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, kuma abin da aka fi kafa wa ido shi ne rawa: haɗuwar namiji da mace a sahu guda, da matsattsun tufafi, da girgiza jiki. A 2007 aka ƙara tsananta sharuɗɗa, har aka ɗaure Adam A. Zango saboda fitar da kundin waƙoƙin bidiyo mai suna Bahaushiya ba tare da an tace shi ba, masu sana'a da dama kuma suka koma Kaduna da aiki. Adalci shi ne a ce masu suka suna da hujja, domin gasar kasuwa ta tura wasu zuwa ga abin da ya saɓa wa kunya da mutunci, kuma kare tarbiyya maslaha ce da ba mai hankalin da zai yi jayayya da ita. Adalci ne kuma a ce takurawar ta fito da hikimar masu tsara rawa, waɗanda suka koyi nuna shauƙi ba tare da hannu ya taɓa hannu ba, ta hanyar tazara da kallo da juyin mayafi da sahu biyu masu amsa wa juna, abin da ya fi kusa da tabi'ar gaɗa da dandali fiye da kwaikwayon Indiya tsagwaronsa.

Yau kaset ya mutu, sidi ma ya bi shi. Masu tura finafinai a waya sun gaji 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, tashar Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye a 2014, YouTube da TikTok kuma sun mayar da kowane saurayi mai waya furodusan kansa. Mai ba da aiki a yanzu mawaƙi ne da yake son bidiyon waƙarsa, ko ɗan siyasa a lokacin zaɓe, ko ango da amarya, ko kuwa adadin masu kallo da ba a san fuskarsu ba. Rawa ta ƙara gajarta har ta koma 'yan daƙiƙoƙi, an tsara ta domin ta shiga tsayin allon waya, ƙafa ta ragu, kafaɗa da hannu sun yawaita. Taku yakan fito yau a Kano, gobe a gan shi a Ɗan Isa, jibi dubban mutane sun maimaita shi, ba wanda ya san daga wa ya fito.

A wasu ƙasashe an ba wannan fanni gurbi na kansa. A Amurka, Maya Deren ta yi gajeren fim da mai rawa Talley Beatty a 1945 domin ta gwada abin da kyamara za ta iya yi da motsin jiki, kuma tun 1971 ake gudanar da bikin finafinan rawa a birnin New York. A Ingila, BBC da majalisar raya fasaha sun riƙa haɗa darakta da mai tsara rawa a shekarun 1990, su ba su kuɗi su yi fim na 'yan mintoci a nuna a talabijin. A Indiya, inda muka yi koyi, ana rubuta sunan mai tsara rawa a farkon fim, kuma tun 1989 kyaututtukan Filmfare suke da rukuninsa, wanda Saroj Khan ta fara ci. Mun ɗauko takun daga gare su, muka bar musu wannan ladabi.

Alhali ladabin ba baƙo ba ne gare mu. Malamanmu ba sa karɓar ilimi sai da isnadi, almajiri yakan faɗi wanda ya karanta a wurinsa, da wanda shi ma ya karanta a wurinsa, domin jingina abu ga mai shi amana ce. Haka makaɗa suke ambaton iyayen gidansu, shi ya sa sunan Mamman Shata da na Barmani Coge suka tabbata, alhali sunayen waɗanda suka yi rawa a gabansu sun shuɗe. Abin da ya wajaba a kan hukumomin al'adu na Katsina da Maraɗi, da jami'o'in garuruwan biyu, da gidajen talabijin, abu ne da bai fi ƙarfinsu ba. Su tattara tsofaffin kaset na gasar samariya da na bukukuwan al'adu su juye su a na'ura kafin zafi da ƙura su cinye su. Su nemi dattawan da suka san rawar maharba da ta 'yan tauri da gaɗa da takun kalankuwa, su haɗa kowannensu da matashin darakta, a ba su kuɗi da wa'adi su yi gajeren fim cikin mutunci da kiyaye haddin shari'a, a rubuta sunan makaɗi da na mai rawa da na mai tsarawa da garin kowannensu, a nuna a makarantu da filayen gari a ɓangarorin iyaka biyu. Hukuma ta ɗauki rawa domin ta ƙawata tarbar manya, ɗan kasuwa ya ɗauke ta domin kaset ya shiga, mai waya yana ɗaukarta domin a kalle shi. Saura a ɗauke ta domin masu ita, da sunayensu, tun dattawan da suka riƙe ta suna raye. Allah Ya sa masu iko su ji, su kuma aikata.